Tulun da Aka Huda Mai Shi Tana Raye

Madam ta sa kafinta ya huda tulun uwata, ta zura masa wayar lantarki ta gindi, ta kifa masa hular ƙyalle a ka, sannan ta rubuta a takarda cewa ba a san wanda ya gina shi ba. A lokacin uwata tana ɗakin baya a gidanmu na Jushi a Zariya, da ranta, tana cin tuwonta tana yi mana faɗa. Abin da ya raba ni da aikin Samaru ke nan, kuma har yau ban gama yafewa ba. Fasto ya yi mini magana sau uku, na ce masa ina kan hanya. Ina rubuta wannan ne saboda kai Dauda, duk lokacin da zancen ya taso sai ka ce zafin kaina ne ya sa ka zauna shekara guda a gida babu makaranta. Gaskiya ne ka zauna, ban musa ba. Ke kuma Briskila kina ƙarama, abin da kika riƙe kawai shi ne an daina sayo miki burodi da safe. To ku zauna ku karanta da rubutun da na koya ina da shekara hamsin. In kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku, amma kada wanda ya taɓa mini maganar.

A ƙauyenmu, can kudancin Kaduna, maginiya takan gina tukwane ba iyaka, na miya, na tuwo, na sayarwa, na kyauta. Amma akwai tulu guda ɗaya da take gina wa kanta idan hannunta ya nuna. A jikinsa take zuba duk abin da ta iya. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, daga cikinsa take shan ruwa muddin ranta. Ranar da ta rasu, mata 'yan'uwanta magina su taru, babbarsu ta ɗauki dutse ta huda gindinsa ana waƙa, a kife shi a kan kabarinta. Ma'anar ke nan: mai shi ta gama shan ruwa. Ba a huda tulun mace tana numfashi, ko mahaukaci a garinmu ya san wannan. Kakarku Asabe ta gina nata ina da shekara goma, ni na ɗebo mata ɓawon ɗorawa aka jiƙa makubar da aka yayyafa masa yana da zafi, shi ya sa ya yi baƙi yana ɗaukar ido. Ƙadangare huɗu ne suka zagaye kafaɗarsa, kowanne ya ciji wutsiyar na gabansa, a ƙasansu kuma layin totuwa da ta mirgina da hannun hagu, don ita bahaguwa ce, zanenta kullum yakan kwanta ta ɓangaren da na sauran mata ba ya kwanciya. Da wani mai wa'azi ya zo ya ce tulu mai siffar dabba tsafi ne, mata da yawa suka farfasa nasu a bakin coci. Ita ta tura nata cikin rumbu ta rufe da dawa, ta je aka yi mata baftisma ta dawo. Da aka tambaye ta, ta ce:

"Na karɓi Yesu. Amma ban ji inda ya ce a riƙa shan ruwa mai ɗumi ba."

Da idonta ya mutu muka ɗauko ta zuwa Zariya, ba ta yarda a sa tulun a bayan mota ba. A kan cinyarta ya zo, tun daga ƙauye har Jushi.

Shekarar da nake ba ku labari, ciniki ya mutu mini. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Sabon Gari, ina kasa kasko da tukunya da murhu, amma roba da tasa sun cinye mu. Sai in wuni ina korar ƙuda. Babanku ya bar aikin jirgin ƙasa, fansho kuwa yau a gani gobe a rasa. Ana cikin haka wata mata ta tsaya a gaban rumfata da baƙin tabarau da jaka mai tsada, ta ɗaga wata tukunya tana jujjuyawa kamar ta tsinci zinariya. Matar wani malamin jami'a ce, 'yar yankinmu, ƙauyen kakarta ma ba shi da nisa da namu, sai dai ita a Ingila ta yi karatu. Ba zan rubuta sunanta ba, Madam muke ce mata.

"Mama, ke kika yi wannan da hannunki? Muna neman irinku. Muna so mu farfaɗo da sana'ar iyayenmu."

Na ce, "Madam, sana'ar ba ta suma ba. Masu saye ne suka gudu."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in zo Samaru ranar Litinin.

A bayan gidanta ta kafa rumfar aiki. Akwai injin da ake juyawa da ƙafa yumɓu ya tashi, akwai wani akwatin gasa tukwane na lantarki da aka kawo daga waje, wanda ban taɓa ganin ya gasa komai ya nuna ba, domin kafin ya ɗau zafi an ɗauke wuta. Daga ƙarshe dai kara da kirare muka koma tarawa a fili, yadda uwata ta koya mini. Madam tana da manyan littattafai masu hotuna. Ta buɗe ta nuna mini tulunan fure na turawa, ta ce shekara ɗari da suka wuce su ma sun gaji da kayan inji, masu iliminsu suka koma neman aikin hannu, shi take so a yi a nan. Na duba na ga wuya dogo kamar na zalɓe, gindi ɗan tsito, jiki duk zanen ganye da furanni. Na ce wannan ba ya zama a kan gammo, kuma ko moɗa ba ta shiga bakinsa. Ta ce ba na ruwa ba ne, na kallo ne. To, na gina mata na kallo. Wata takwas ina ginawa, ina gogewa da dutsen guga har sai na ga fuskata a jiki. Kowanne kafin ya bushe sai ta zo da wani ɗan ƙarfe ta danna a gindinsa. Na ɗauka ado ne. Kada in ci haƙƙinta: ba ta taɓa jinkirta mini albashi ba, kuma ranar da Kaka ta yi zazzaɓi mai tsanani, a motarta aka kai ta asibiti. Da albashin nan kai Dauda kake makaranta. Na san duk wannan, ba sai an tuna mini ba.

Abin da Madam ba ta sani ba, Talata da Alhamis in na tashi daga wurinta, coci nake wucewa. Zumuntar mata ta buɗe ajin yaƙi da jahilci, mu goma sha wani abu, wasunmu har da jikoki, muna zaune a bencin yara muna bin alli da baki. Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba don kunya. A wata na shida na ɗaga wani tulu da na gama na juya gindinsa, haruffan suka tsaya mini ɗaya bayan ɗaya. Sunan Madam ne. Na ajiye na ci gaba da aiki. Na ce a raina yumɓunta ne, rumfarta ce, ta sa abin da take so. Wannan na haɗiye shi, kuma ya wuce.

Laifina a cikin wannan labari guda ɗaya ne, zan faɗa da bakina. Ni na yi mata zancen tulun Kaka. Alfahari ne ya ja ni. Ranar da take yaba wani hoto a littafinta, na ce uwata tana da wanda ya fi wannan. Ta biyo ni har Jushi, ta gan shi a kusurwar ɗaki da ƙoƙo a bakinsa, ta dafe ƙirji. Ta durƙusa ta gaishe da Kaka, Kaka ta sa aka ɗebo mata ruwa daga cikinsa ta sha, ta ce ko firij sai haka. Ku riƙe wannan da kyau: ta ga uwata da idonta, ta sha ruwan tulun. Da za a yi babban nuni na kwana uku a wani zaure a Samaru, ta roƙi aronsa. Kaka ta ƙi, ni na yi ta lallashi har ta gaji da ni.

"Ki kai, Rahila, tunda kin nace. Amma kada su zuba masa komai in ba ruwa ba."

Sati biyu yana hannun Madam kafin ranar.

Ranar buɗewa Madam ta ce kada in zo da kayanmu na zumuntar mata, in ɗaura tsohon zane. A bakin zauren aka shimfiɗa mini tabarma da curin yumɓu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in cire takalmi, in cire tabarau, wai za a ɗauki hoto, ya fi kyau a gan ni yadda ake a da. Na cire, na cusa tabarau a ƙugu. Tun safe nake murza yumɓu, manyan mutane suna wucewa suna cewa sannu Mama, ɗalibai suna tsugunnawa kusa da ni ana ɗaukarsu. Wajen azahar ƙishi ya kama ni, na wanke hannu na shiga ciki neman ruwa, kuma ina so in ga inda suka ajiye shi.

A tsakiyar zauren yake, a kan wani farin akwati, an kewaye shi da igiya. Da farko ban gane shi ba. Ƙyallin da yake yi ba na makuba ba ne, an shafe shi da man da kafintoci ke shafa wa kujera. Duk maginiya ta san tulu ta jikinsa yake numfashi, da wannan gumin yake sanyaya ruwa, wanda aka toshe masa jiki kuwa ya gama. A kansa ga hular ƙyalle mai haske a ciki. Na bi hasken da ido na ce ta ina wuta ta shiga? Sai na ga farar waya ta fito ta ƙasa ta bi bayan akwatin. Na tsallake igiyar, na durƙusa, na sa yatsa a gindinsa. Yatsana ya shige.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Kusa da ni wani dattijon ikilisiyarmu yana tsaye da hannu a baya yana gaya wa wani Bature cewa kakanninmu suna da fasaha, mu ne muka yi sakaci. Na ga wata 'yar takarda a jingine, Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Na zaro tabarau na sa, na bi da yatsa yadda ake koya mana, bakina yana motsi. An rubuta: Tsohon tulu, ya haura shekara ɗari biyu. Ba a san wanda ya gina shi ba. Na sake karantawa don kada a ce jahilcina ne. Bai canja ba.

Na sami Madam tana raba wa baƙi lemo. Ban jira ta gama ba.

"Madam, wa ya huda tulun uwata?"

"Maman Dauda, rage murya, akwai baƙi. Ɗan rami ne fa, ko ganinsa ba a yi. Ba ki ga yadda ya fito ba? Kowa a kansa yake tsayawa."

"Kin rubuta ba a san mai shi ba."

Ta tsaya da kwalba a hannu. "Wa ya karanta miki?"

"Ni na karanta. Kin durƙusa a gabanta, kin sha ruwanta. Yaushe ta zama ba a san ta ba?"

Ta ja ni bayan ƙofa ta sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Mama, ba ki gane yadda harkar take ba. In na rubuta shekara arba'in, wata tsohuwa a Jushi, wa zai tsaya? Darajarsa na ɗaga. In ruwan sanyi ne damuwarku, gobe in sa a kawo muku firij."

Na gaya mata abin da hudawa take nufi a garinmu, kalma kalma, don ko ba ta sani ba ta sani. Na yi zaton za ta rufe baki ta ce wayyo. Da ta yi haka, wallahi da labarin nan ya ƙare a nan. Sai ta yi ɗan murmushi.

"Haba Mama. Ke da kike zumuntar mata? Har yanzu kuna riƙe da irin waɗannan abubuwa?"

Ku ji fa. Matar da ta sa na cire takalmi don in yi kama da mutanen da, ita ce take mini gorin riƙo da abin da. Al'adarmu tana da kyau in an ɗora ta a kan akwati an kunna mata wuta, amma in mai ita ta buɗe baki sai ta zama duhun kai. Na ɗauki takalmina na hau bas, ko yumɓun ban kwashe ba.

Da la'asar na isa gida, babanku yana gyaran rediyo a tsakar gida. Na zayyana masa komai. Shi mutum ne mai sanyi, kun san shi, Allah ya ji ƙansa.

"Maman Dauda, abin da ya huje ya huje. Ki yi shiru ki koma aikinki. Ita Kaka a ce mata ba a gama nunin ba, a yi ta ja mata rai. Ba gani take yi ba."

"In yi wa uwata ƙarya har ta mutu?"

"Ki yi tunanin Dauda. Jarrabawa saura wata nawa? In matar nan ta sallame ki, da me za mu riƙe shi?"

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma na yi tunaninka, Dauda, kada ka ce ban yi ba. Na tsaya riƙe da igiyar shanya ina ganinka da farar rigarka. Da a ce mu biyu ne kawai a gidan, mai yiwuwa da na bi maganarsa. Amma mun manta makaho kunnensa biyu ne kuma duka suna aiki. Daga ɗakin baya muka ji:

"Rahila. Zo nan. Kai ma Yohanna, kana iya matsowa, tunda ni ake shirin ja wa rai."

Na shiga na zauna a bakin gadonta na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta murza yatsunta da suka ƙandare.

"Wa ya huda? Mace?"

"Kafinta, Mama. Da inji."

"An yi waƙa?"

"Ba a yi ba."

"Sun ce yaushe na mutu?"

"Wai ya fi shekara ɗari biyu."

Ta ƙyalƙyale da dariya har tari ya kama ta. "Ashe na daɗe a can, ba wanda ya gaya mini." Na ba ta ruwa a kofin roba ta kurɓa ta ture. Da dariyar ta wuce sai fuskarta ta sauka, ta juyo da idanun nan nata da ba sa gani ta kafe ni da su.

"To ranar da ta zo da gaske, me za ku kifa mini?"

"Zan gina miki wani, Mama. Wanda ya fi shi."

"Naki naki ne. Ba a kifa wa mace hannun wata." Ta ɗaga hannuwanta biyu. "Waɗannan kuma ko ƙwallon fura ba sa iya dunƙulawa."

Babanku ya fita a hankali. Ni ban yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Shekara arba'in tana kare tulun nan, daga mai wa'azi, daga awaki, daga ramukan hanya, ni kuma na ɗauke shi da hannuna na kai wa masu ilimi, cikin sati biyu suka gama da shi, suka goge sunanta a kai. Ramin ba ya toshuwa, wannan na sani. Amma takarda, takarda dai hannu ne ya rubuta ta.

Na ce, "Mama, gobe ma ana nunin. Za ki iya shiga mota?"

Ta ce, "Ɗauko mini zanen Kirsimeti tun yanzu ya sha iska."

Washegari da sassafe na yi mata wanka, na shafa mata mai, na ɗaura mata ɗankwali. Babanku da kansa ya fita titi ya tsayar mana da tasi, ya sa kujerarta 'yar tsugunno a bayan motar. Muka isa Samaru ana share zauren. Mai gadi ya san ni, ya ce yau kin zo da baƙuwa, na ce ba baƙuwa ba ce. Na kama hannunta muka bi tsakiyar tulunan nan masu dogon wuya, na ɗage igiyar, na zare wayar daga bango, na cire hular na ajiye a ƙasa. Na dasa kujerarta a gefen akwatin na zaunar da ita. Ta miƙa hannun hagu ta lalubo kafaɗar tulun, ta bi ƙadangarun ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa a hankali. Ba ta kai hannu gindinsa ba.

Na ɗauki takardar Madam na juya bayanta, na ciro fensir ɗina na aji, na durƙusa na ɗora a gwiwa. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai ranar. Wasu ɗalibai biyu da suka shigo da wuri suka tsaya a kaina suna kallo, ban kula su ba.

"Me kike ta ƙarzawa haka?" in ji Kaka.

Na karanta mata da ƙarfi: "Asabe ce ta gina shi. Tana da rai. Ga ta nan zaune."

Ta gyaɗa kai. "Akwai sauran wuri?"

"Akwai kaɗan."

"Ƙara, ba ta ce a huda ba."

Ina tsakiyar kalma ta biyu na ji motar Madam ta tsaya a bakin ƙofa, na ji ƙarar takalminta tana tahowa. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.